Lumbini: Otal-otal sun cika gari, baƙi ba sa kwana

A ranar 16 ga watan Mayun 2022 gwamnatin Nepal ta buɗe filin jirgin saman ƙasa da ƙasa na Gautam Buddha a garin Bhairahawa, kimanin kilomita 20 daga Lumbini, wurin da mabiya addinin Buddha suka yi imanin a nan aka haifi jagoransu. An gina filin ne da rancen Bankin Raya Ƙasashen Asiya, kuma wani kamfanin China ne ya yi aikin. Tun kafin a kammala shi 'yan kasuwar yankin suka ci bashin bankuna suka gina otal-otal, bisa lissafin cewa jirage za su riƙa sauke masu ziyarar ibada kai tsaye daga Thailand da Sri Lanka da Myanmar. Matasa da dama suka ɗauka aikin otal zai zame musu sana'ar da za su girma a cikinta ba tare da barin gida ba.

Lissafin bai fita ba. Kamfanin Jazeera na Kuwait, wanda ya fara sauka a filin, ya dakatar da zirga-zirgarsa bayan 'yan watanni. Daga baya wasu kamfanonin sun gwada, musamman a lokacin da ake rufe filin jirgin Kathmandu da daddare domin gyare-gyare daga ƙarshen 2024, amma jigilar ba ta zauna da gindinta ba.

Lumbini dai ba ta rasa masu zuwa. Ginshiƙin dutsen da Sarki Ashoka ya kafa lokacin da ya ziyarci wurin kimanin shekara 249 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) yana nan har yau, kuma hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin jerin kayan tarihin duniya a 1997. Matsalar tana wajen kwana. Mafi yawan baƙin ƙasashen waje suna zuwa ne cikin ayarin da ke zagaya wurare huɗu masu tsarki a addinin, kuma uku daga cikinsu, wato Bodh Gaya da Sarnath da Kushinagar, duk a Indiya suke. Ayarin yakan sauka a Indiya, ya shigo Nepal da bas ta kan iyakar Sunauli, ya yi 'yan sa'o'i ko dare ɗaya, sannan ya juya. Kamfanin da ya shirya tafiyar ya riga ya karɓi kuɗinsa a Bangkok ko Colombo ko Delhi, shi ne kuma ke yanke farashin ɗaki. Wasu baƙin ma a masaukan gidajen ibadar da ƙasashensu suka gina a harabar Lumbini suke kwana, inda kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Wannan shi ke tsara makomar ma'aikaci. A aikin otal mutum yakan fara daga gyaran ɗaki ko kicin ko teburin karɓar baƙi, ya zama mai kula da sashe, daga nan ya kai manaja. Hawan wannan tsani yana buƙatar otal ɗin da ke aiki duk shekara. A Lumbini kuwa kasuwar takan buɗe ne daga Oktoba zuwa Maris. Da zarar zafin bazara ya sauko a filayen Terai, inda yakan haura digiri 40, sai damina ta biyo baya, ɗakuna su koma wayam. Otal ɗin da ke biyan kuɗin ruwan banki da cinikin wata shida ba ya horar da ma'aikaci, ba ya kuma ƙara masa girma. Yakan ɗauke shi aikin kaka, ya sallame shi idan kasuwa ta mutu.

Aikin kuma yana da ƙwarewarsa ta musamman. Malaman ibada na mazhabar Theravada ba sa cin abinci bayan tsakar rana, don haka dole kicin ya gama hidimarsu kafin ƙarfe 12. Ayarin Vietnam ko Taiwan yakan nemi abincin da babu nama, na Sri Lanka kuma yana da nasa ɗanɗanon. Baƙin galibi dattawa ne, suna tashi da asuba, kuma da yawansu ba sa jin Turanci. Ma'aikacin da ya iya ɗan yaren Thai ko Sinhala, ya kuma san yadda ake ciyar da mutum 100 cikin rabin sa'a, ya mallaki abin da makaranta ba ta bayarwa. Sai dai irin wannan ma'aikaci shi ne na farko da otal-otal ɗin Doha da Dubai ke ɗauka, a ƙasar da kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa gida ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikinta. Nepal na da makarantar koyon aikin otal ta gwamnati a Kathmandu tun 1972, amma kaso mai yawa na waɗanda ƙasar ke horarwa a ƙasashen Larabawa da wasu wuraren suke ƙarewa.

Dalilan da suka hana filin jirgin tashi na siyasa ne da na mulki. Filin yana dab da iyakar Indiya, kuma Nepal ta daɗe tana roƙon maƙwabciyar tata ta buɗe mata sababbin hanyoyin shigowa ta sama daga yamma, ba ta samu ba. Na'urar da ke taimaka wa jirgi sauka cikin hazo ma ta zama abin taƙaddama saboda kusancin iyakar, alhali hazon hunturu yana zuwa ne daidai lokacin da masu ziyara suka fi yawa. Indiya na da nata filin a Kushinagar, wanda Firaminista Narendra Modi ya buɗe a Oktoban 2021. A ranar da aka buɗe na Bhairahawa kuwa Modi ya ziyarci Lumbini, amma da jirgi mai saukar ungulu ya sauka, bai taka sabon filin ba. A cikin gida kuma, kamfanonin da ke tura ma'aikata ƙasashen waje da ofisoshin jakadanci sun taru ne a Kathmandu, shi ya sa fasinjojin da za su cika jirage daga can suke tashi.

Matasan Nepal sun riga sun nuna gajiyarsu da irin wannan tafiya. A Satumban 2025 zanga-zangar da suka yi kan rufe shafukan sada zumunta da cin hanci ta tilasta wa Firaminista K.P. Sharma Oli yin murabus, kuma a cikin tarzomar aka ƙona otal ɗin Hilton na Kathmandu. Harkar yawon buɗe ido, wadda dubban matasan ke ci daga gare ta, ita ma ta sha wuya a lokacin.

Abin da zai sauya makomar ma'aikacin otal a Lumbini shi ne yawan dararen da baƙo ke yi. Hakan na buƙatar yarjejeniyar hanyoyin sama da Indiya, da mayar da wasu ofisoshin ƙwadago zuwa Bhairahawa, da gyara hanyoyin zuwa Tilaurakot da Ramagrama, wuraren tarihin Buddha da ke kusa, domin ayari ya sami dalilin ƙara kwana. Muddin ba a yi waɗannan ba, matashin da ya fara aiki a Lumbini zai koyi sana'ar a can, amma kujerar manajan da yake hange a wata ƙasa zai same ta.