In Za A Gina Ofis, A Fara Da Zaure

Tun daga 1976, shekarar da Janar Murtala Muhammed ya ƙirƙiro Jihar Bauchi aka mai da garin nan hedkwata, gine-ginen Gwamnati sai ƙaruwa su ke yi. A wasu ƙasashe kuwa masu zanen gini sun daɗe da wata dabara, watau su haɗa ofisoshin hukuma da gidan al'adun jama'a cikin gini guda: nan ga akawu da takardunsa, can ga ɗakin karatu, ga ɗakin taro, ga wurin ajiye kayan tarihi. Ina so in gaya wa 'yan'uwana na wannan kwaleji ra'ayina a kan wannan, gama duk ranar da aka tashi yin irinsa a Bauchi, mu malaman gobe da yaran da za mu koyar mu ne za mu fi kowa amfana ko cutuwa.

Ra'ayina shi ne, dabarar tana da kyau ƙwarai, amma da sharaɗi guda. Lalle sashen jama'a ya kasance a gaba, bakin hanya, ofisoshi kuwa su koma ciki. Watau a bi tsarin gidan Bahaushe, a fara da zaure.

Ku duba yadda kakanninmu su ka tsara gida. Baƙo ba ya neman izini kafin ya zauna a zaure. Nan mai gida ke karɓar gaisuwa, nan malam ke ba da karatu, nan maɗinki ke ɗinkin hula, nan a ke sasanta masu faɗa. Wanda ke da magana ta musamman a shigar da shi shigifa, cikin gida kuwa sai na gida. Kowane wuri da iyakarsa, amma ƙofar farko ta kowa ce. Fadar Sarki ma haka ta ke tun zamanin Malam Yakubu, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa garin nan a farkon ƙarni na 19. A ƙofar fada a ke shari'a, nan a ke hawan salla, nan makaɗa da maroƙa ke taruwa. Ashe haɗa mulki da al'ada a wuri guda tsohon abu ne a wurinmu.

To, yanzu ku gwada wannan da ofis irin na zamani. Da fari doguwar katanga, sa'an nan ƙofar ƙarfe, sa'an nan mai gadi da littafinsa yana tambaya, "Wurin wa ka zo?" Ba na ganin laifin mai gadi, aikinsa ke nan. Amma a ce an sa ɗakin karatu a bayan wannan ƙofa, a hawa na uku. Yaron firamare mai silifa zai iya ce wa mai gadi ya zo wurin littafi? Tsohuwar da ta zo daga ƙauye za ta yi ƙarfin halin hawa bene don ta ga tukwanen kakanninta? Ba za su zo ba. Ɗakin zai zauna a kulle, ƙura ta rufe shi, bayan shekara biyu a ce ai mutanenmu ba su son karatu, a zuba tsofaffin fayiloli a ciki.

Tarihin garin nan ya isa ya koya mana darajar ɗaki guda da jama'a za su iya shiga. Wajen 1943 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda malamai da akawuna da ma'aikatan En'e da Turawan mulki ke zama su yi muhawara a kan sha'anin ƙasa. Cikin masu zuwa har da Malam Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano, da Malam Abubakar Tafawa Balewa. Biyu na ƙarshen nan a lokacin malaman Midil ne, watau masu alli da allo kamar yadda mu ke shirin zama. Ɗaya ya zama Firayim Minista, ɗaya ya zama jagoran talakawa. Amma da muhawara ta yi zafi, hukuma ta rufe majalisar. A nan akwai darasi biyu. Na fari, ƙaramin wurin zama ya kan haifi manyan mutane. Na biyu, ɗakin da mabuɗinsa ke aljihun mai mulki, ran da ya ji abin da ba ya so, ran nan zai kulle shi.

Saboda haka ga abin da zan roƙi mai zanen ginin, in da zai saurari ɗalibi.

Na ɗaya, sashen jama'a ya sami ƙofarsa dabam a kan titi, da mabuɗinsa dabam. Ofis ya kan tashi da la'asar, ya kwana a rufe Asabar da Lahadi, alhali a lokacin ne ɗalibi da ɗan kasuwa da manomi ke samun sukuni. Mabuɗin kuwa ya zauna hannun kwamiti mai wakilin Gwamnati, da na fada, da na malaman makaranta, da na mata, da na masallaci, da na coci.

Na biyu, tsakanin sashen jama'a da ofisoshi a bar fili kamar tsakar gida, a dasa tsamiya da maɗaci da dogon yaro, a yi dakali a kewaye. Filin nan zai shanye ƙarar kiɗa kafin ta kai ga akawu. Mai jiran a sa masa hannu a takarda ya zauna a inuwa, ko ya leƙa ɗakin karatu, maimakon ya yini tsaye a baranda. Da dare kuma a shimfiɗa tabarmi a yi wasan kwaikwayo.

Na uku, a yi gini da sanin rana da ruwan ƙasarmu. Kowa ya san zafin Maris da Afrilu, ya san ƙurar hunturu, ya san hadari daga gabas ya kan taso. Dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, bangon ya yi kauri, tagogi su sami rumfa, indararo ya zubar da ruwa nesa da gindin gini. Gidan gilashi kyau gare shi a hoto, amma da wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, sai ya zama tanda. Gani ya kori ji: a je Kafin Madaki a kan hanyar Kano a ga Gidan Madaki, wanda a ke danganta shi da Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya. Da ƙasa da azara aka tayar da bakan gizonsa tun ƙarni na 19, a 1956 kuma Gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa. Ba na cewa a koma ga tubali tsantsa. A Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, a 2018, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, su ka gina sabo kusa da shi da bulon ƙasa wanda inji ya matse. Hikimar da da kayan aikin yau sun zauna lafiya.

Na huɗu, a tambaya tun da wuri: al'adun wa? Ƙasar Bauchi ta tara Gerawa, da Jarawa, da Sayawa, da Warjawa, da Fulani, da Hausawa, da wasu da dama. Ni a makarantar Mishan na yi karatu, abokin zamana a aji kuwa da allo ya fara. In ya shiga ya ga alƙalami da tawadar kakansa, ni ma in ga fartanya da gangar nawa kakan, kowannenmu zai ce gidan nan nasa ne. In ɗaya ya duba bai ga kansa ba, to, an gina rabuwa da kuɗin haraji.

Na san akwai masu cewa wannan haɗi zai kawo hayaniya da ɓarayi kusa da takardun Gwamnati, ga kuma tsada. Maganarsu abar dubawa ce, musamman batun tsaro a wannan zamani. Amma ƙofa biyu da fili a tsakani sun amsa rabinta. Wurin da mutane ke kai da kawowa har bayan isha ya fi kangon da ba kowa wuyar fasawa. Batun kuɗi kuwa, rijiya ɗaya, wuta ɗaya, masu shara ɗaya sun fi arha bisa gina gida biyu. An kuma gwada an gani. A wani ƙaramin gari na ƙasar Finlan, Saynatsalo, Alvar Aalto ya zana gidan hukuma wanda aka gama wajen 1952: ɗakin majalisa, da ofisoshi, da ɗakin karatu, da kantuna, duk kewaye da tsakar gida ɗaya. A Kano ma, Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909, ya zama gidan tarihi a hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar, ma'aikata na aikinsu, 'yan makaranta na ziyara.

Mu ma a nan muna da kabarin Sir Abubakar, wanda aka buɗe a 1979, inda mai ziyara ke bi ta hanya mai duhu har ya fito sarari cikin haske, don tuna fitar ƙasa daga mulkin mallaka zuwa 'yanci. Wanda ya tsara shi ya gane gini ma malami ne. Amma kabari wurin ziyara ne jifa-jifa, ofis kuwa kullum talaka na bisa hanyarsa. Abin da ƙofar ofis ta koya wa yaro game da Gwamnati, wuya ne malamin aji ya goge shi.

Don haka, 'yan'uwa, kada mu ce wannan magana ta injiniyoyi ce. Ba a fafe gora ranar tafiya, in an zuba siminti gyara ya wuce. Ina ba ƙungiyar muhawara ta kwalejin nan shawara ta ɗauki wannan batu, masu zuwa koyon aikin koyarwa kuma su sa yara su zana irin gidan hukumar da za su so shiga, mu tattara mu aika wa Ma'aikatar Ayyuka. Allah Ya ba shugabanninmu kunnen ji, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya da ladabi. Amin.