Kukan Masu Windows 11: Wa Ke Da Kwamfutar, Mai Saye Ko Mai Kamfani?

Ranar 5 ga watan Oktoba na shekarar 2021 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya fito da Windows 11, wato sabon zubi na babbar manhajar nan da ke tafiyar da akasarin kwamfutocin ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu a faɗin duniya. Ga wanda bai sani ba, babbar manhaja ita ce take tayar da kwamfuta, ta haɗa allo da madannai da injin buga takarda, kuma a kanta ne sauran ƙananan manhajoji suke hawa su yi aiki. In babu ita, kwamfuta tarin ƙarfe da roba ce kawai. Saboda haka duk wanda ya riƙe babbar manhaja, to ya riƙe wuyan mai kwamfuta.

Tun kafin ranar fitowar ta zo kuka ya riga ya tashi. A ranar 24 ga Yuni na shekarar, da kamfanin ya yi shelar sabon zubin, ya saki wata 'yar manhaja da za ta duba kwamfutar mutum ta gaya masa ko za ta iya ɗaukar Windows 11. Sai ga mutane birjik waɗanda kwamfutocinsu ke aiki lafiya lau, ana ce musu tasu ba ta cancanta ba, ba tare da an gaya musu dalili ba. Hayaniya ta yi yawa, har kamfanin ya janye 'yar manhajar bayan 'yan kwanaki. Da ƙura ta lafa sai aka gane sharuɗɗan: dole ne kwamfuta ta zama tana da wani ɗan sashe na tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma ƙwaƙwalwarta ta zama ta baya-bayan nan, in ta kamfanin Intel ce to daga zubi na takwas zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Wato kwamfutar da mutum ya saya sabuwa dal a 2016 ta tsufa a 2021, ba don ta lalace ba, sai don alƙalamin kamfani ya ce ta tsufa.

Waɗanda tasu ta tsallake wannan siraɗi su ma ba su huta ba. Sun tarar an ɗauke maɓallin Start daga kusurwar hagu inda suka saba ganinsa tun 1995, an kai shi tsakiya. Layin ƙasan allo, wanda a da ake iya matsar da shi sama ko gefe, an kafe shi wuri guda. Sauya manhajar shiga intanet daga ta kamfanin zuwa wata ya zama jan aiki. Sannan wanda ya sayi zubin da ake amfani da shi a gida ba zai gama saita kwamfutarsa ba sai ya haɗa ta da intanet, ya kuma yi rajista da kamfanin.

To a nan ne ya kamata matashi mai lura ya tsaya ya tace wannan kuka, domin ba duka nauyinsa ɗaya ba. Akwai kukan ado, akwai kuma kukan mallaka. Wanda yake ƙorafin an kai maɓalli tsakiya, cikin minti ɗaya zai iya mayar da shi hagu, in ma bai mayar ba mako biyu ya ishe shi ya saba. Amma wanda aka ce masa kayan da ya saya da guminsa ba za su ci gaba da samun kulawa ba sai ya sayi wasu, ko aka ce ba zai buɗe na'urarsa ba sai ya miƙa sunansa ga wani kamfani da ke wata nahiya, to shi wannan kukansa ya taɓa tushe. Abin takaici, mafi yawan surutun da aka yi a kan adon aka yi shi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Ba yau aka fara ba

Wannan wasa tsoho ne. A Janairun 2007 aka fito da Windows Vista, jama'a suka koka cewa ta cika nauyi, tana sa kwamfuta jan ƙafa, kuma injinan buga takarda da yawa sun ƙi aiki da ita. Mutane suka maƙale wa Windows XP. A Oktoban 2012 aka fito da Windows 8, aka cire maɓallin Start gaba ɗaya, aka cika allo da akwatuna masu launi kamar na wayar hannu. A 2015 kuma, shekarar da Windows 10 ta fito, wani ma'aikacin kamfanin ya faɗa a gaban taro cewa ita ce Windows ta ƙarshe, aka yi ta yaɗa maganar, mutane suka saki jiki. Shekara shida bayan nan sai ga Windows 11.

Me ya sa kamfani zai riƙa yin haka ba ya tsoron masu sayen kayansa su gudu? Amsar ita ce babakere. Tun a 1998 gwamnatin Amurka da kanta ta maka Microsoft a kotu a kan danne abokan hamayya, a 2004 kuma Tarayyar Turai ta ci shi tarar Yuro miliyan 497. Wanda ya san ba ka da wata rijiya sai tasa, ba ya damuwa da ƙorafinka a kan guga. Haka tsarin jari-hujja yake: a fara mayar da mutum ba ya iya rayuwa sai da abu, sannan a riƙa sayar masa da abin nan sau da yawa.

Ranar da aka yanke

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta da ya saba aikawa duk wata. Kwamfutar ba ta mutu a ranar ba, tana ci gaba da aiki, amma ta zama kamar gidan da aka daina gyara masa katanga alhali ɓarayi na kewaya unguwa. Wanda yake son ƙarin shekara ɗaya, zuwa Oktoban 2026, an ce ya biya Dala 30, ko kuma ya yarda a ajiye saitin kwamfutarsa a rumbun kamfanin. Dala 30 a canjin shekarar 2025 ta haura Naira 40,000, wato fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a Nijeriya a 2024. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta tun a 2023 cewa wannan mataki na iya mayar da kwamfutoci kimanin miliyan 240 shara.

Adalci ya wajaba ko da a kan wanda ake saɓani da shi. Maganar tsaro da kamfanin yake kafa hujja da ita ba ƙarya ba ce. A watan Mayun 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta wata kafa a kwamfutocin Windows da ba a sabunta ba, ta kulle bayanan mutane a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Shi ma sashen TPM yana da amfani wajen ɓoye makullan sirri na na'ura. Amma abin tambaya a nan shi ne, wa ya ƙera manhajar da kafofin nan a jikinta, wa kuma ake cewa ya biya kuɗin toshe su? Magini ne ya gina ɗaki yana yoyo, sai ya dawo ya ce wa mai gida maganin yoyon shi ne ya rushe ya sake biyan kuɗin sabon gini.

Inda abin ya shafi talakan nan

Kada ɗan'uwa ya ɗauka wannan rigimar Turawa ce can tsakaninsu. Kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka suke sallama ba a can suke ƙarewa ba. Da yawansu jirgin ruwa ke kawo su Legas, su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja da ta Alaba, su iso hannun 'yan kasuwa a Kano da Kaduna da sauran garuruwa. Ɗalibin jami'a da ya tara kuɗi ya sayi ta-hannu, da mai shagon buga takardu a bakin sakatariya, da makarantar Islamiyyar da aka bai wa kyautar kwamfutoci biyar, akasarinsu irin waɗannan na'urori suke riƙe da su, waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci a wata ƙasa ba tare da an ji ta bakinsu ba. Waɗanda kuma suka mutu murus, a nan Afirka ake farfasa su. Unguwar Agbogbloshie da ke Accra ta yi suna a duniya saboda samari, da yawansu daga arewacin Ghana, da suke ƙona wayoyin lantarki don ciro jan ƙarfe suna shaƙar hayaƙi mai guba, kafin hukuma ta rushe wurin a 2021. Riba a can, hayaƙi a nan.

Musulunci yana da magana a kan wannan. Alƙur'ani mai girma ya yi kakkausan hani ga almubazzaranci a cikin Suratul Isra'i, kuma jefar da na'ura mai aiki don kawai wani ya ce yayinta ya wuce almubazzaranci ne tsantsa. Haka nan a Suratul Hujurat an hana bin diddigin sirrin mutane. To a watan Mayun 2024 kamfanin ya yi shelar wani sabon tsari a cikin Windows 11 mai suna Recall, wanda zai riƙa ɗaukar hoton allon kwamfuta duk bayan 'yan daƙiƙoƙi yana ajiyewa, wai don mutum ya tuna abin da ya yi. Masana tsaro suka duba suka tarar bayanan suna ajiye a fili, ɓarawon da ya shiga zai iya kwashe su. Wasiƙar mutum, lissafin kasuwancinsa, hirarsa da iyalinsa, duk a faifai guda. Wane mai hankali ne zai yarda a girke masa maroƙi a ɗaki yana rubuta duk motsinsa?

Kukan da yake da jagora

Darasi mafi girma a wannan al'amari shi ne bambancin kukan da aka yi a warwatse da wanda aka yi a tsare. Da aka taru aka ƙi Windows 8, a Oktoban 2013 kamfanin ya dawo da maɓallin Start. Da masana suka fito da hujja a kan Recall, a Yunin 2024 aka ɗage fitowarsa, aka ƙara masa kariya, aka kuma mayar da shi sai wanda ya ga dama ya kunna. Da ƙungiyoyin kare masu saye na Turai suka matsa lamba a 2025, sai kamfanin ya sassauta wa mutanen yankinsu sharaɗin samun ƙarin shekarar nan kyauta. Mutumin Kano da na Maraɗi ba su sami wannan sassauci ba, don babu wanda ya tsaya musu. Mai ƙarfi ba ya jin kukan mutum ɗaya ko da ya fi na kowa gaskiya. Yana jin jama'ar da ta haɗa kai, take da hujja, kuma take da inda za ta koma in ya ƙi.

Kuma akwai inda za a koma. A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta abin da ya zama Linux, babbar manhajar da kowa yake da izinin ɗauka, ya karanta cikinta, ya gyara, ya raba kyauta. A kanta aka gina Android da ke cikin wayoyin da ke aljihun jama'a. Zubinta irin su Ubuntu da Linux Mint suna tafiya sumul a kan kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta ƙasar Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnatinta kimanin 30,000 kan manhajar rubutu ta LibreOffice, da nufin komawa Linux, don kada sirrin hukuma ya dogara ga kamfanin waje. In masu arziki suna neman kuɓuta, ina ga talaka?

Ba a ce hanyar babu gargada ba. Sai an zauna an koya, kuma mai aikin zane da CorelDraw ko Photoshop ba zai same su a Linux ba. Irin wannan yana iya barin tsohuwar Windows a kan na'urar aikinsa, ya raba ta da intanet, ya kiyaye abin da yake soka mata. Amma ɗalibi da malami da mai buga wasiƙu, ba abin da zai hana su. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka nauyi ya hau kan matasa. Wanda yake da kwamfuta mai aiki kada ya yar da ita don kunyar a ce tsohuwa ce. Wanda Allah Ya hore wa ilimin wannan fanni ya ware rana a unguwarsu ya koya wa 'yan'uwa yadda ake ɗora manhaja da yadda ake gyara, domin zakkar ilimi ita ce koyar da shi. Ɗan kasuwar da yake ɗora Windows 11 ta bayan gida a kan na'urar da ba ta cika sharaɗi ba, ya ji tsoron Allah ya gaya wa mai saye, domin kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin sabunta irin wannan ba, kuma ɓoye aibin kaya algus ne. Masu karatun kwamfuta a jami'o'i su kuma su ɗaga himmarsu sama da iya danna abin da wasu suka ƙera, su kutsa cikin yadda ake ƙera shi.

Al'ummar da ba ta mallaki kayan aikinta ba, kullum a gidan haya take, ranar da mai gida ya ga dama ya ƙara kuɗi ko ya ba da notis. Allah Ya ba matasan Musulmi ilimi mai amfani da himmar aiki da shi, Ya kuma fitar da raunana daga ƙangin masu babakere. Amin.