SHARHI: Ƙaramar Jif A Kado Da Lissafin Da Ba A Yi A Gaban Dillali

Duk wanda ya tsaya a bakin kasuwar kifi ta Kado da yammacin Asabar, ya dubi motocin da ke jere a gefen titi, zai lura da cewa ƙaramar jif ta zama abin hawan matsakaicin ɗan kasuwa da babban ma'aikaci a Abuja. Toyota RAV4 ce da Honda CR-V, sai Hyundai Tucson da Kia Sportage jefi-jefi. Matsayin da fijo 504 ƙirar Kaduna ta riƙe a zamanin da, shi waɗannan motoci suka gada, sai dai bambancin shi ne kusan dukkansu 'yan gwanjo ne, an hau su shekaru a Amurka ko Kanada ko Turai kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas.

Ba sabuwar ƙira ba ce a duniya. Kamfanin Toyota ya fito da RAV4 a 1994, Honda kuma ta bi sahu da CR-V a 1995. Dabarar ita ce a ɗora jiki mai tsayi a kan ƙashin ƙaramar mota, watau a sami siffar jif ba tare da nauyinta da cin manta ba. Dabarar ta karɓu ƙwarai a Nijeriya, kuma da dalili.

Dalilin yana ƙarƙashin motar. Tsakanin ƙasa da cikin RAV4 ƙirar 2006 zuwa 2012 akwai kimanin santimita 19, alhali kuwa na Corolla bai wuce 15 ba. Tazarar yatsu uku ce kawai, amma mazaunin Kado Kuchi ko Jahi wanda ya taɓa sauka daga kwalta zuwa lungun gidansa a watan Agusta ya san abin da yatsu ukun nan suke nufi. Manyan titunan yankin shimfiɗaɗɗu ne. Matsalar tana cikin 'yan mitocin ƙarshe, inda ruwan sama ke zaizaye jar ƙasa ya bar kwazazzabai, da kuma mashigin shaguna da rukunin gidaje inda kowa ya gina tudun siminti gwargwadon son ransa. Haka kuma ɗan kasuwar da ke zirga-zirga zuwa Dei-Dei ɗauko kayan gini, ko zuwa Zuba, ko wanda ke tafiya gida Kaduna da Zariya da Kano duk ƙarshen wata, yana da hujjar da ba za a raina ba. A taƙaice, kuɗin da ya ƙara a kan na ƙaramar mota wani haraji ne yake biya daga aljihunsa saboda hanyar da hukuma ba ta gyara ba.

To, amma tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, wannan haraji ya yi nauyin da ya kamata a sake duba shi. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma 537 a gidajen man kamfanin NNPC na Abuja cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a watan Yuli na shekarar, sa'an nan 897 a Satumba na 2024, har ta haura Naira dubu a watan Oktoba. Tankin irin waɗannan motoci yana cin kimanin lita 60. Ke nan a ƙarshen 2024 cika shi sau ɗaya ya zarce Naira 60,000, a shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000. Farashin ya ɗan sassauta a 2025 sakamakon gasar da matatar Ɗangote ta kawo, amma bai koma ko kusa da inda ya fito ba.

Ga misali don a ga yadda abin yake. A ɗauka mutum yana yin kilomita 1,200 a wata, tsakanin Kado da Wuse da Garki da makarantar yara da ɗaurin aure. A ɗauka jif ɗinsa tana yin kilomita 8 da lita guda a cikin gari, da na'urar sanyi a kunne, ƙaramar mota kuma tana yin 10. Na farko zai sha lita 150, na biyu 120. Idan lita tana Naira 1,000, bambancin ya kama Naira 30,000 a wata, watau 360,000 a shekara. Wannan kuwa mai injin silinda huɗu ake magana. Wanda dillali ya yi wa daɗin baki ya ɗauki RAV4 mai silinda shida, wadda aka ƙera da yawa don kasuwar Amurka a waɗancan shekaru, nasa lissafin daban ne. Cunkoson safiya a hanyar Gwarinpa zuwa cikin gari, inda mota ke ƙona mai tana tsaye, shi ma yana ƙara wa Barno dawaki.

Man fetur dai kowa yana ganinsa, domin kullum sai an zaro kuɗi. Inda 'yan kasuwa da yawa suke yin tuntuɓe shi ne wajen darajar motar kanta. An sha jin mutum yana alfahari cewa motarsa kadara ce, don ya saye ta Naira miliyan 6 ga shi yanzu ana taya ta miliyan 11. Wannan ruɗi ne da faɗuwar Naira ta haifar. A farkon 2023 dala tana kusan Naira 750 a kasuwar bayan fage, saboda haka miliyan 6 ta yi daidai da dala 8,000. A ƙarshen 2024 dala tana kusan Naira 1,600, miliyan 11 kuwa ba ta kai dala 7,000 ba. Motar ta rage daraja kamar yadda kowace mota ke yi, kuɗin da ake auna ta da shi ne ya fi ta saurin lalacewa. Ranar da mai ita ya sayar, ya nufi wurin dillalai neman irinta mai ƙarancin shekaru, ranar zai gane cewa ribar a baki take. Tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a watan Yuni na 2023, kuɗin fiton da hukumar kwastan ke karɓa yana bin canjin dala, ga shi kuma tun 2022 da lambar jikin mota ake ƙiyasta darajarta, abin da ya rage cinikin da ake yi a da. Hanyar Kwatano ma an haramta shigo da motoci ta cikinta tun daga Janairu na 2017, tare da sauran iyakokin ƙasa.

Akwai kuma abin da masana tattalin arziki ke kira ribar da aka bari. Miliyoyin da aka daskarar a cikin ƙarfe ba su juyawa. Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamba na 2024, bankunan kasuwanci kuwa suna ba da rance sama da haka. Ɗan kasuwar da ya cire Naira miliyan 5 daga jarinsa don cike gurbin da ke tsakanin ƙaramar mota da jif, sa'an nan ya koma banki neman kuɗin sayen haja, a haƙiƙa da bashi ya sayi tsayin motar, ko da kuwa lakadan ya biya. Wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa shi ma bai tsira ba, domin sau nawa miliyan 5 za ta juya a shekara a cikin shinkafa ko siminti ko atamfa? Wannan tambaya ba a cika yin ta a gaban dillali ba, saboda shi la'adarsa yake jira.

Sai batun gyara. A nan Toyota da Honda sun yi wa sauran fintinkau, ba don ba su lalacewa ba, sai don kayan gyaransu suna ko'ina, daga Apo har Zuba, kuma kowane bakanike ya saba da cikinsu. Shi ya sa suke da tsada wajen saye, suke kuma da saurin fita wajen sayarwa. Duk da haka kowace tana da halinta. Injin mai lita 2.4 da ke cikin RAV4 ta 2006 zuwa 2008 ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, kuma wanda ba ya duba ma'aunin kowane mako yana iya wayar gari da injin a ƙone. Sababbin ƙira masu ƙaramin injin da turbo, irin CR-V daga 2017, suna da sauƙin mai amma ba su yafe wa gurɓataccen baƙin mai ko jinkirin sabis. Taya ma ta fi ta ƙaramar mota girma da tsada, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. Lambobi huɗu da ke jikinta su ne mako da shekarar da aka yi ta.

Wani abin da ke ba da mamaki shi ne yawan masu jif da ba su san ƙafa nawa motarsu ke ja ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake shigo da su daga Amurka ƙafafun gaba kaɗai suke ja, tamkar Corolla. Ga mazaunin Abuja wannan alheri ne, don ta fi sauƙin mai da gyara. Mai jan ƙafa huɗu kuwa tana son a canza tayoyinta tare, in ba haka ba bambancin girmansu yana wahalar da na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Ba laifi ba ne mutum ya saye ta idan yana da gona a Gwagwalada ko Kwali. Abin da ba shi da ma'ana shi ne ya biya kuɗinta don zuwa ofis a Utako.

Tsayin motar kuma kada ya yaudari kowa a kan ambaliya. Ƙaramar jif ba kwale-kwale ba ce, ruwan da ya kai tsakiyar taya ya isa ya shiga inda bai kamata ba. Ita kanta motar ma tana iya zuwa da ciwon ruwa tun daga can, domin motocin da guguwa da ambaliya suka nutsar a Amurka kamfanonin inshora suna gwanjon su, wasu kuma a nan suke ƙarewa bayan an wanke su an fesa turare. Binciken lambar jikin mota ta intanet yana nuna tarihinta, kuma kuɗinsa bai kai na cika tanki sau ɗaya ba.

Game da inshora, hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin ƙaramar inshorar dole daga Naira 5,000 zuwa 15,000 daga Janairu na 2023, diyyarta kuma ta kai Naira miliyan 3, 'yan sanda kuwa suka fara tsananta bincikenta a watan Fabrairu na 2025. Sai dai wannan ta wanda aka buge ce, ba ta mai mota ba. Wanda ya ajiye miliyoyi a kan titi da takardar Naira 15,000 kaɗai, shi ne kamfanin inshorar kansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Masu neman sauƙi sun karkata ga iskar gas tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta a 2023. Ga mai yawan tafiya akwai rangwame na gaske. Amma tukunyar gas ɗin a but ake ɗaure ta, alhali faɗin but yana cikin dalilan da suka sa aka sayi jif tun farko, ga kuma layin da aka sha fama da shi a 'yan gidajen da ke sayarwa a Abuja. Lokacin ɗan kasuwa shi ma kuɗi ne.

Ra'ayin da ya fi dacewa da hankali shi ne a bar hanya ta zaɓi mota. Wanda sana'arsa ke fitar da shi daga kwalta sau da yawa a mako, ƙaramar jif mai silinda huɗu tana biyan kuɗinta ta wajen abin da ta tsare masa na salansa da ƙafafu da ɓata lokaci a gareji. Wanda kuwa duk zirga-zirgarsa daga rukunin gidajen Kado ne zuwa Jabi da Wuse, abin da yake saye kwarjini ne. Kwarjini ma yana da amfani a kasuwa, don akwai ofisoshin da maigadi ke duban mota kafin ya dubi fuska, amma ya dace a rubuta shi a littafi da sunansa da farashinsa, kada a ɓoye shi a ƙarƙashin kuɗin sufuri.

Shi kansa lissafin yana sauyawa da ayyukan hukuma. Tun daga 2023 Hukumar Babban Birnin Tarayya ta shimfiɗa tituna da dama a gundumomin da ke kewaye da Kado, ciki har da ɓangaren Life Camp, kuma kowace kilomita ta kwalta da aka ƙara tana rage hujjar jif ga mazauna wurin. Jirgin ƙasan cikin gari da aka farfaɗo da shi a watan Mayu na 2024 bai ratsa ta Kado ba, saboda haka mota dai ba makawa ce a yankin. Kamfanonin da ke saya wa manajojinsu motoci, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa masu ba mambobinsu rancen abin hawa, ya kamata su riƙa neman a kawo musu kiyasin kuɗin kowace kilomita, wanda ya haɗa da mai da taya da sabis da inshora da raguwar daraja a ma'aunin dala, kafin su sa hannu a kan takardar biya.