Albaras ya tsaya da kansa, mai magani ya karɓi yabo

Babu cutar da ta yi wa masu tallar magani a tasha da Facebook rana kamar albaras, wato farin tabon da ke fitowa a fata idan garkuwar jiki ta juya ta kashe ƙwayoyin da ke ba ta launi. Cutar ba ta tafiya a miƙe. Takan bazu na wasu watanni, ta lafa na shekaru, sannan ta sake motsawa. Duk wanda ya sayar da ƙulli ana dab da lafawar, shi za a ce ya warkar.

Iri biyu ne. Mai kama ɓangare ɗaya na jiki yakan fara tun ƙuruciya, ya yi gudu na shekara ɗaya zuwa biyu, sannan galibi ya tsaya cak. Wanda ya fi yawa kuwa yana fitowa dama da hagu, a yatsu, gwiwoyi, kewayen ido da baki, kuma babu likitan da zai iya rantsuwa kan ranar da zai tsaya. Shi ya sa masana fata ba sa kiran tabo tsayayye, balle su yi masa dashen fata, sai ya kai kamar wata 12 bai ƙaru ba, wani sabo bai fito ba. Mai cika baki bayan mako uku yana sayar da abin da bai mallaka ba.

Ɓarnarsa ba ta tsaya ga kuɗi ba. Lokacin da cutar ke motsi, duk inda fata ta ji rauni sabon tabo na iya tsirowa a wurin. Tsaga, ƙuna da shafa abubuwa masu cin fata ƙara wa wuta itace ne.

Sai dai likitan da ke sallamar mara lafiya da cewa ai launi ne kawai, ba ya kisa, shi ma yana da laifi. Budurwar da aka fasa aurenta don an ɗauka kuturta ce ta san ba launi kawai ba ne, alhali cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Watannin motsin nan, da ake ganewa da ƙananan ɗigo-ɗigon fari a gefen tabo, su ne lokacin da man shafawa da gashin haske suka fi amfani wajen taka mata birki. Launi yakan dawo ne daga tushen gashi, don haka fuska ta fi saurin amsa magani, yatsu da leɓe su yi taurin kai, kuma inda gashi ya riga ya yi fari fatan dawowar launi ya ragu. A 2022 Amurka ta amince da man ruxolitinib don wannan cuta, amma shi ma watanni yake ɗauka kafin a ga canji, kuma tabon na iya dawowa idan an daina shafawa.