Dusa kaɗai ba ta girmar da kifi

Ƴan'uwa manoma, musamman ku masu kiwon kifi a gurbi, daga Madarunfa har Gidimuni da Tabalak, ku saurara. Akwai wata al'ada da ke cinye muku kuɗi: a watsa ma kifi dusar gero ko ta shinkafa safe da marece, a ce an ciyar da shi. Ni dai ban yarda da wannan ba.

Dusa da tsaba abincin ƙarfi ne, abin da masana ke ce ma sitaci. Tsoka kuwa da furotin ake gina ta, watau abin da ke cikin tunkuzar gyaɗa, da garin kifi, da gara, da tsutsa. Furotin ɗin dusar gero bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, na tunkuza ya wuce 40, alhali karfasa tana son wajen 30, tarwaɗa 35 zuwa 40.

Kifi ba kaza ba ne. In sitaci ya yi masa yawa, sukari yana daɗewa cikin jininsa, abin da ya saura ya taru a hanta ya koma kitse. Ku gwada da kanku: ku feɗe kifi guda. In kun iske hanta ta kumbura ta yi fari-fari, hanji ya lulluɓe da kitse, to nan wahalarku ta wata shida ta tafi. Mai saye a kasuwa ba ya biyan kitsen ciki, zubar da shi yake yi.

Amma kada wani ya ce malamin gona ya hana dusa. In babu sitaci sam, kifi zai ƙona furotin mai tsada wajen iyo kawai. Karfasa, da ke cin gansakuka, tana ɗaukar sitaci kashi 30 zuwa 40 na abincinta. Tarwaɗa ba ta kai haka ba.

Ku dafa garin kamar kunu mai kauri kafin ku kwaɓa shi da tunkuza, ku mulmula ku shanya. Dafaffe ya fi narkewa a cikin kifi, kuma ba ya saurin watsewa cikin ruwa. Tunkuzar da ta yi funfuna, a zubar.

Lokacin ɗari ku rage mudu, don kifi ba ya ci sosai. Dusar da ya bari ruɓewa take, ta cinye iskar ruwa, ku iske su da asuba suna haki a sama.