Hanci Ko Ƙafa: Da Wanne Ake Gane Karen Farauta?

Na san wasu za su yi dariya idan suka ga kan maganata, su ce duk abin da ke damun duniya yaron nan bai ga abin rubutu ba sai kare. To, ina roƙo a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin a kan maganar karen nan na ga jinin mutum ya zuba, kuma ba labari aka ba ni ba.

Ni haifaffen Ƙofar Nassarawa ne a cikin birnin Kano. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san idan an gama kwashe amfanin gona, hunturu ya kama, sai a fara ganin 'yan farauta suna fita. Su cika mota su da karnukansu, ana kiɗan gangi, ana busa ƙaho, kowa da gorarsa da addarsa. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikinsu. Karnukansa suna wajen wani amininsa a ƙauye, domin gidajen cikin birni ba su da filin kiwon kare. A hutun da ya wuce na yi ta roƙonsa har ya yarda na bi shi wani daji kudu da Kano.

Cikin karnukan Kawu akwai wata tsohuwar karya baƙa, ana ce mata Duna. Ba ta da gudu, ba ta da kyan gani, kunnenta ɗaya ma a yage yake. Da muka shiga daji da sassafe, sauran karnuka suka bazu suna tsalle, ita kuwa ta sa hanci ƙasa. Ta yi gabas, ta dawo, ta kewaya wata sabara, ta tsaya, sa'an nan ta miƙe kudu. Na ce, "Kawu, karyar nan ta ruɗe." Ya ce, "Yi shiru, yaro, kai ne ka ruɗe. Zomo ya yi kiwo a nan da dare, ƙullin da ya ƙulla take kwancewa." Muka bi ta wajen rabin awa. Can ta cusa kai cikin wata duhuwa, sai ga zomo ya yi fit ya fito.

Kafin Duna ta juya, wani matashin kare na wata ƙungiya dabam, wanda tun safe bai shinshina komai ba, ya hango zomon, ya bi, ya cafke. Nan take mai shi ya hau kirari. Yaran Kawu suka ce nasu ne, tunda karyarsu ta tashe shi. Waɗancan suka ce na wanda ya kama ne. Kafin manya su iso an zare makamai, an sari wani saurayi a dantse. Da rawani aka ɗaure masa hannu aka kai shi asibiti a kan babur. Duk wannan a kan zomo guda, wanda kuɗinsa bai kai na ɗinkin da aka yi wa saurayin ba. Duna kuwa tana gindin bishiya tana haki, babu wanda ya ko ambaci sunanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tun daga ranar nake da ra'ayin da zan faɗa yanzu. Mun juya al'amarin farauta a baibai. Muna yaba ƙafa da haƙori, mun manta da hanci, alhali kuwa hanci shi ne gwanintar kare ta gaskiya. Muddin girma yana ga wanda ya riga damƙe nama, to, faɗa ba zai ƙare a dajinmu ba. Ina ganin lokaci ya yi da za a shirya gasar bin sawu, wadda za a auna kare da hancinsa, ba a kashe dabba ba, ba a zare wuƙa ba.

Bari in fara da dalilin da ya sa na fifita hanci. Masana sun nuna cewa a cikin hancin mutum akwai ƙwayoyin jin ƙamshi kamar miliyan 5 zuwa 6, amma a na kare sukan haura miliyan 200. Duk dabbar da ta wuce takan bar warinta a kan ciyawa da ƙasar da ta taka, kuma warin yana raguwa da tafiyar lokaci. Watau sawun da aka taka yanzu ya fi wanda aka taka ɗazu ƙarfi. Da wannan ɗan bambanci kare ke gane inda dabba ta nufa, kada ya bi sawu ta baya. A shekarar 2005 wasu masana biyu, Hepper da Wells, na wata jami'a a birnin Belfast, sun gwada karnukan da aka horar, suka tarar taku biyar na sawun mutum ya ishe su su gane wajen da ya dosa. Jama'a, wannan ba abin a ce Allah Mai iko ba ne?

Amma hancin ma yana da lokacinsa. Wari ya fi zama inda akwai laima da sanyi, shi ya sa tsofaffin mafarauta ke sammako tun raɓa ba ta bushe ba. Idan rana ta take, iskar hunturu ta busar da ƙasa, sai sawu ya yi wuyar bi. Idan kuwa aka cinna wa daji wuta, an shafe shi ke nan gaba ɗaya. Saboda haka ni a ganina duk wanda ya ƙona daji don ya kori zomo ko gafiya, ya shaida da kansa cewa karensa ba shi da hanci. Gudu baiwa ce, ban musa ba. Karen Buzaye na ƙasar Azawak da ido da gudu yake farauta, kuma gwani ne a filin da babu duhuwa. Amma a dajinmu mai sabara da geza, sai an nemo kafin a kora. Ƙafa tana tsufa, hanci kuwa ƙara gogewa yake yi.

Wani zai ce, yaya za a yi gasa a kan abin da ido ba ya gani? Amsa ita ce, an daɗe ana yi a wata ƙasa. A Amurka akwai wata dabba da suke kira rakun. Ta ɗan fi kyanwa girma, wutsiyarta zobe-zobe, da dare take yawo, idan an matsa mata sai ta haye bishiya. Suna da karnuka masu dogayen kunnuwa waɗanda aka yi ta zaɓen irinsu musamman don bin sawunta. Wata ƙungiyar masu karnuka da ake kira UKC, wadda aka kafa a 1898, tana shirya musu gasa da dare, kuma kowace shekara akan yi babban taronsu a garin Richmond na Jihar Indiyana.

Ga yadda suke yi. Akan saki karnuka har huɗu tare, da alƙalin gasa. Karnukan nan suna haushi idan sun hau sawu, kuma dole kowane mai kare ya san muryar nasa a cikin duhu, ya shaida wa alƙali. Wanda ya fara samun sawu yana da maki 100, na biyu 75, na uku 50, na huɗu 25. Wanda ya fara tsayawa gindin bishiyar da dabbar ta hau, ya sauya murya, yana da 125. Sa'an nan a je a haska bishiyar da fitila. In an ga rakun, maki ya tabbata. In ta bayyana sarai babu komai a kai, sai a zare wa karen makin, domin ya yi ƙarya. Haka nan in ya bar sawun da aka sa shi ya bi wata dabba dabam, laifi ne. Abin da ya fi burge ni shi ne, ba a shiga gasar da bindiga, kuma ba a kashe dabbar. A gan ta, a rubuta maki, a ja karnuka a yi gaba. Da a can aka haifi Duna, da ita ce mai maki 100.

Ban ce mu kwafo nasu tankar yadda yake ba. Ba mu da rakun, zomo ba ya hawa bishiya, Duna ba ta haushi a kan sawu, kuma halin da ake ciki bai ba da damar yawon daji da dare ba. Namu sai mu yi shi da hantsi bai ɗaga ba. Tun da asuba mutum ɗaya ya ja fatar zomo a ƙasa, ya yi kwana-kwana da ita cikin fili, ya ɓoye ta a wata duhuwa. Bayan awa guda a kawo karnuka ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sabon sawunsa. Sarakunan dawa da tsofaffin maharba su ne alƙalai, domin su suka san kan abin. A ba da maki ga wanda ya fara gane sawu, da wanda bai ɓace a kwana ba, da wanda ya kai ga fatar. Wanda ya kai mutane duhuwar banza a rage masa. A zagaye na ƙarshe a bar sawun ya ƙara hucewa, a ga gwanin gwanaye. Sharaɗi biyu kawai: ba a shiga fili da makami, kuma ba a karɓar kare sai da takardar allurar rigakafin ciwon haukan kare daga likitan dabbobi.

Da na kawo wannan magana a ɗakin kwananmu na sha suka, kuma ya kamata in amsa. Wani ya ce kare ƙazanta ne, bai dace ɗan Musulmi ya damu da shi ba. Na ce ya tambayi malamin addini. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar da aka horar ta kamo, in an cika sharuɗɗa, kuma hadisi ya yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona. Horarwar nan kuwa ita ce abin da gasar za ta auna. Wani ya ce farauta ba nama ai wasan yara ce. Na ce sukuwa ba yaƙi ba ce, amma ita ke nuna dokin ƙwarai. Ban kuma ce a daina farauta ba, cewa na yi a sauya inda ake neman suna. Wani kuma ya ce kwaikwayon Turawa ne. Na tuna masa da Argungu, inda tun 1934 aka mai da su ya zama gasa mai doka da alƙalai, har mutanen duniya ke zuwa kallo. Wa ya ce Kabawa kwaikwayo suka yi?

Akwai abin da ya fi wannan duka nauyi. Kawu ya ce suna samari ba sa nisa da gari suke samo gada da barewa. Yau unguwanni da gonaki sun cinye wuraren, dajin Falgore kuwa gandu ne na gwamnati wanda doka ta hana farauta a ciki. Nama ya ragu, mafarauta ba su ragu ba, dole rabo ya zama rigima. Ga shi kuma sunan sana'ar ya ɓaci, har mutane da yawa a birni ba sa bambanta ɗan farauta da ɗan daba. Ba mu manta da watan Maris na 2025 ba, lokacin da aka kashe mafarauta 16 a garin Uromi na Jihar Edo, yawancinsu mutanen Jihar Kano, suna hanyar dawowa gida yin Sallah, bisa zargin da ba a kai gaban alƙali ba. Allah Ya ji ƙansu. Alhakin wannan yana wuyan waɗanda suka aikata. Amma ya nuna mana cewa mafarauci yana bukatar a san shi, a san sana'arsa, a rubuta sunansa a inda hukuma ta sani. Gasa mai rajista, wadda hakimai da dagatai za su halarta a zo kallo da yara, tana cikin hanyoyin dawo masa da mutuncinsa.

Bugu da ƙari, karen da ya iya bin sawu amfaninsa bai tsaya ga zomo ba. 'Yan sanda da jami'an kwastan a ƙasashe da yawa da hancin kare suke gano miyagun ƙwayoyi, da shi ake nemo mutanen da gini ya rufta wa. Me zai hana a gwada namu na gida, waɗanda suka saba da zafinmu da ƙayarmu? Ba za mu san iyakarsu ba sai mun auna.

Daga ƙarshe ina kira ga iyayenmu, musamman masu faɗa a ji a unguwanni, su kai wannan shawara gaban sarakunan dawa. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, idan kun je hutu ku zauna da tsofaffin mafarautan garinku, ku tambaye su yadda ake karanta sawu, ku rubuta, tun ba su tafi da saninsu ba. Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Zomon bana ya yi ƙaranci, kuma ya yi wayo, ba ya bukatar taron adduna. Ranar da zan dawo makaranta na je sallama da Kawu, na gaya masa zan rubuta labarin Duna. Ya yi murmushi ya ce, "To, ka rubuta cewa ita ta tashe shi." Ga shi na rubuta, Kawu. Allah Ya ba mu zaman lafiya a gida da daji, amin.