Furfura a Gaban Makirufo Ba Abin Kunya Ba Ce

Akwai wata dariya da ake yi a majalisunmu na Ndjamena, daga rumfunan Babbar Kasuwa har zuwa dakalin ƙofar gida bayan sallar isha'i. Da zarar an ji cewa wane, magidanci mai iyali wanda ya ba shekara arba'in baya, ya soma zarya gidan rediyo yana zama a bayan wani mai gabatar da shiri domin ya koyi aikin, sai a kwashe da dariya. Wani ya ce tsufa ya zo masa da gardama. Wani ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kuwa mace ce, abin ya wuce dariya ya koma tsegumi, har a riƙa tambaya ko ba ta da mafaɗi a gida. Mu muna ganin wannan dariya asara ce muke jawo wa kanmu, kuma ya kamata a faɗa wa masu yin ta gaskiya ko da za ta yi ɗaci.

Mu fara da duba inda muke zaune. Kakanninmu sun sauka a garin nan tun ana kiran sa Fort-Lamy. Wasu niyyar Makka ta fito da su, za su bi ta Abeche su shiga Sudan, guzuri ya ƙare suka yada zango, zango ya zama gida. Wasu fatauci ya kawo su, da goro da fata da tufafi. An sauya wa garin suna a 1973, mu muna nan ba mu gusa ba. Amma harsunan hukuma Faransanci ne da Larabci, harshen titi da kasuwa kuma Larabcin Chadi. Da shi 'ya'yanmu suke wasa, da shi suke faɗa, da shi suke ciniki. Wannan ba laifi ba ne, domin mu ma 'yan ƙasa ne kuma Larabcin nan namu ne. Sai dai kowa ya san gidajen da uwa ke magana da Hausa yaro na amsawa da Larabci, jika kuwa gaisuwa kaɗai ta rage masa. To, a bakin wa cikakkiyar Hausar take a yau? Tana bakin 'yan arba'in da 'yan hamsin, waɗanda suka tashi a gaban kakannin da suka zo da ita daga Kano da Katsina da Damagaram. Su ne kuma mutanen da muke yi wa dariya idan suka doshi makirufo.

Kada wani ya ce zamanin rediyo ya wuce. A ƙididdigar Bankin Duniya, manyan da suka iya karatu da rubutun boko a Chadi ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, saura kuwa ta kunne labari ke isa gare su. Mu da ke rubutu a irin wannan shafi ba mu manta ba cewa daga watan Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019 an toshe Facebook da WhatsApp a ƙasar nan, wata goma sha shida cur. A duk tsawon lokacin akwatin rediyo mai batir biyu bai daina magana ba. Da ruwan Shari da Logone ya cika ya shiga Walia da unguwannin kudancin birni a 2022, abin da mai gida ke bukata a daren shi ne murya da za ta gaya masa, da harshen da yake ji sarai, inda ruwa ya kai da inda aka tanadi matsuguni.

Gaskiya ne Bahaushe bai taɓa rasa abin saurare ba. BBC ta fara magana da Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007, ga kuma Rediyon Kaduna da iyayenmu suka tashi da shi. Muna gode musu. Amma waɗannan tashoshi sun fi tuna Ndjamena ranar da babban abu ya faru, kamar shigowar 'yan tawaye a Fabrairun 2008 ko rasuwar Idriss Déby a Afrilun 2021. Ba aikinsu ba ne su faɗi kuɗin gero a kasuwar hatsi, ko cigiyar yaron da ya ɓace a Dembé, ko lokacin jana'izar wata tsohuwa a Ridina, ko abin da ya tsayar da motocin kaya a gadar Ngeli. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maƙwabtanmu Kanuri da Kanembu sun samu Rediyo Ndarason tana magana da harsunansu domin mutanen yankin Tafkin Chadi. Mu kuwa ko yau aka ba mu fili na awa guda a kowace tasha, su wa za mu tura su cika shi?

Masu karin maganar ɗanyen icce sun manta da 'yar'uwarta, cewa gemu ba ya hana neman ilimi. Sun kuma jahilci yadda aikin yake. Aikin rediyo kashi biyu ne. Akwai abin da ake koya a ɗakin watsa shirye-shirye: tazarar da za ka bari tsakanin bakinka da makirufo, inda za ka ja numfashi ba tare da an ji ba, kallon agogo da jar fitila, fahimtar alamar hannun mai kula da na'urori ta bayan gilashi, yadda ake tsinka doguwar sanarwar hukuma ta Faransanci a mayar da ita gajerun jimloli da kunne zai riƙe, yadda ake yanka murya a kwamfuta a haɗa. Duk wannan mai hankali yana iya kama shi cikin watanni idan ya samu mai nuna masa. Kashi na biyu kuwa ba a koyar da shi a aji, shekaru ne ke bayar da shi. Rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka a takarda garin zama da garin tuwo kamanninsu ɗaya, haka kukan yaro da kukar miya, haka farin rashin ruwa da farin zane. Wanda ya sha harshen a nono ba ya tuntuɓe a nan. Matashin da ya karanta faran 500 a takarda zai faɗe shi yadda ya gani, tsohon ɗan kasuwa kuwa ya san mai sauraronsa dala ɗari yake ganewa, kamar yadda abokin cinikinsa Balarabe ke lissafi da riyal. Ungozomar da ta shekara ashirin tana karɓar haihuwa ta san kalmar da za ta faɗa a gaban surukai ba tare da an kashe rediyo don kunya ba. Direban da ya san hanyar Kusiri zuwa Gamboru ya san tambayar da ta kamata a yi wa jami'in kwastan. Wane ne ya fi sauƙin gyarawa, mai harshe da sanin duniya da bai iya na'ura ba, ko mai na'ura da ba shi da abin faɗa?

Rukuni na biyu na masu adawa sun fi na farko nutsuwa, su ne masu cewa aikin jarida sai mai kwali. Suna da hujja a hannu. Dokar 2018 ta wajabta wa shugabannin jaridu da manyan editoci su mallaki shaidar karatun aikin, kuma a watan Satumba na 2020 hukumar HAMA ta dakatar da jaridu 12 na tsawon wata uku a kan wannan sharaɗi. Ba mu raina karatu ba. Wanda zai shugabanci ɗakin labarai lalle ya san doka, ya san iyakar ɓata suna, ya san haƙƙin wanda ake zargi. Amma sharaɗin shugabanci daban, ƙofar shiga daban. Kwali kuma bai taɓa zama lamunin hali ba. Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa rediyon RTLM da ya rura wutar kisan ƙare dangi a Ruwanda a 1994, malamin tarihi ne a jami'a mai digirin digirgir, kuma kotun duniya da ke Arusha ta same shi da laifi a 2003. A ɗaya ɓangaren, Abubakar Imam malamin makarantar Midil ne a Katsina. Zaman da ya yi a Zariya yana aiki kafaɗa da kafaɗa da Rupert East shi ya shirya shi, har ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma har yau da ma'auninsa ake auna rubutun Hausa. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda Arewa ta sani da Samanja, aikin soja ya yi, kuma zaman bariki ne ya ba shi abin da ya riƙe masu saurare da masu kallo shekara da shekaru.

Abin mamaki ma shi ne a ce Bahaushe ne ke ganin baƙon abu a koyon aiki a gaban gwani. Ta wace hanya muka samu dukawa da maɗinka da mahauta da wanzamai da maƙera? Ta wace hanya yaron kanti ke zama mai kanti? A zauren malaman ilimi, sau nawa muka ga dattijo mai jikoki ya durƙusa da littafinsa a gaban malamin da ya haifa, ba wanda ya yi masa dariya? Mun yarda da wannan hanya a kan allura da wuƙa da littafi. Me ya sa za mu ƙi ta a kan makirufo?

Akwai rukuni na uku, su kuma a can ƙarshen suke. Su ne masu cewa koyon me, ai yanzu kowa da wayarsa, ka ɗauki muryarka ka tura. Waɗannan sun fi kowa haɗari. Magana zarar bunu ce, kuma ta ƙaramar al'umma ta fi saurin kama wuta. Duk wanda ya zauna a garin nan bayan hare-haren Yuni da Yuli na 2015, har da wanda aka kai ƙofar Babbar Kasuwa, ya san irin kallon da aka riƙa yi wa mai magana da harshen da ake ji a tsallaken iyaka. Jita-jita guda da aka yaɗa da Hausa tana iya jawo wa unguwa guda bala'i. Amfanin maigida a wannan aiki ke nan: shi ne zai riƙe hannunka ya ce kada ka karanta sanarwar rasuwa sai ka ji daga bakin dangi, kada ka ambaci ƙabilar wanda ake zargi, kada ka bar mai kira a waya ya zagi wani a filinka, ga kuma yadda za ka katse shi cikin ladabi. Waya ba ta koya wa kowa wannan.

Yanzu kuma mu juya ga tsofaffin hannu a aikin, domin su ma da nasu kason laifin. Akwai masu ɓoye sana'a kamar lakanin gado, suna tsoron kada almajiri ya ɗauke musu fili. Akwai masu mayar da mai koyo ɗan aike, shekara biyu yana sayo shayi da katin waya bai taɓa jin muryarsa a iska ba. Akwai kuma waɗanda mace ba ta tsira daga maganganunsu, su ne suke ba masu tsegumi abin faɗa. Magidancin da ya rufe rumfarsa ya zo koyo ba shi da shekarun da zai zubar. Saboda haka a yi abin bisa sharaɗi, a gaban shaidu, kamar yadda ake damƙa yaro ga maɗinki: ga tsawon lokaci, ga abin da za a koya wata bayan wata, ga ranar da zai fara karanta sanarwa, ga ranar da zai yi hira shi kaɗai, ga ranar yaye. Gwanin da ya mutu bai yaye kowa ba, da shi da sana'arsa aka binne.

Shi ma mai koyo akwai magana a kansa. Ya bar girmansa a bakin ƙofa tare da takalmansa. Mai yiwuwa wadda za ta gyara masa karatu sa'ar 'yarsa ce, kuma za ta sa shi ya maimaita jimla guda sau goma. Ya haƙura, ya saurari muryarsa da aka ɗauka ko da ba ta yi masa daɗi ba. Kada kuma ya saki reshe ya kama ganye. Rediyo a ƙasar nan ba ta cika ciyar da gida ba, musamman a farko, don haka ya riƙe rumfarsa ko kekensa na ɗinki da safe, ya ba koyo yammacinsa, har ƙafarsa ta tsaya. In akwai darasin dare ko taron horo na 'yan kwanaki, ya shiga, domin sanin doka kariya ce gare shi da gidan da ya karɓe shi.

Ga masu cewa mace ba ta da gurbi a nan, tarihin garin ya riga ya ba su amsa. Zara Mahamat Yacoub, 'yar jarida kuma mai shirya fim, ita ta kafa Dja FM a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da tashoshi masu zaman kansu ke fara buɗe ido a Ndjamena. Uwar da ta aurar da 'ya'ya ta samu sarari, ga hankali ga harshe, ta fi kowa cancantar riƙe filin mata da lafiyar iyali.

Abin da ya rage namu ne mu al'umma. Muna da kuɗin anko da na walima, muna da adashi a kowace rumfa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata da shugabannin unguwanninmu za su iya zaɓar mutum biyu ko uku a shekara, maza da mata masu hankali da kyakkyawar Hausa, su nema musu gurbin koyo a tashoshin da ke akwai, su ɗauke musu kuɗin mota, su sayi fili na rabin awa a mako inda za su gwada abin da suka koya. Attajirin da ke biyan talla da Larabci ya ce a yi masa da Hausa ma, domin tasha ba ta ƙin harshen da ke kawo mata kuɗi. A 1976 wani Ba'amurke, John Works, ya wallafa littafi guda a kan Hausawan Chadi, kuma har yau mai neman labarinmu a rubuce can yake komawa. Wasu sun faɗi namu da harshensu, saura mu faɗa da namu, tun masu Hausar suna raye. Idan gobe kuka ga wani dattijo ya nufi gidan rediyo da ɗan littafinsa a aljihu, ku yi masa fatan alheri, ku tambaye shi ranar da shirinsa zai fara, ku kunna ku saurara.

Allah Ya sa mu dace.